Akwatunan Kawu

Jiya na ratsa ta wajen wani kafinta a unguwar Tsinga, ƙamshin ɗanyen katako ya tsayar da ni. Sai ga ni a tsakar gidanmu na unguwar Briqueterie, ina 'yar shekara bakwai, ruwan damina na sauka a kan kwano, hayaƙin masu tsire na shigowa ta zaure.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da wata tsohuwar kamiyonet, ƙaramar motar ɗaukar kaya. Aikinsa ɗauko akwatunan giyar inabi daga tashar jirgin ƙasa ya kai wa masu su har gida, Turawa da manyan ma'aikata. Bai taɓa ɗanɗanawa ba, amma Kaka ba ta yarda motar ta tsaya a ƙofarmu. Can gindin mangwaro yake barinta, ya wanke hannu kafin ya zauna cin tuwo.

Akwatunan da aka juye kaɗai ke shigowa gida. Nakan shige ɗaya in kwanta cikin ciyawar da aka shimfiɗa wa kwalabe, ina kallon zanen da ke jiki: tuddai, da layukan itatuwa, da wani gida mai dogon rufi. Har mafarkin wurin nake yi.

Wata rana Kawu ya dawo tun hantsi, riƙe da takarda. Jandarmomi sun tare shi. Wai an yi sabuwar doka, ba mai kai giya gidan kowa sai shago mai lasisi.

Na zaci Kaka za ta yi guɗa, don shekaru ta yi tana roƙon Allah ya raba shi da aikin. Sai ta daɗe tana kallonsa, ga matarsa da tsohon ciki.

"To, Allah ya amsa," in ji ta. "Amma ban roƙa maka yunwa ba."

Ta yafa mayafi, ta tafi unguwar Etoudi da kanta wurin wani mahauci, ɗan ƙawarta. Kafin mako, Kawu ya fara raba nama a gidajen abinci. Ranar farko ta sa aka wanke motar, ta ce ya kawo ta ƙofar gida.

Yanzu, ka ga, latsa waya kawai ake yi a kawo wa mutum komai, dokokin ma na ji ana ta sake su. Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni. In na ba shi wannan labari sai ya yi dariya, ya ce shi dai bai taɓa jin daɗin tuwo kamar na makon da ya fara raba nama ba.