Littafin Kaka Mai Fuska a Baya

Makon jiya na shiga wani shagon littattafai a Onitsha, ina neman Littafi Mai Tsarki mai bangon fata wanda zan riƙa nazari da shi, don idona ya gaji da karatu a waya. Yarinyar shagon ta jero mini su, baƙaƙe da jajaye, wasu har da ruwan zinariya. Ban kula ƙyalƙyalin ba. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa kai su hanci. Yawancinsu roba na ji, sai guda ɗaya da ya buso mini warin jima, irin na fatar akuyar da ta sha bagaruwa. Nan take na koma unguwar Obiagu a Enugu, gidan hayar da na tashi a cikinsa.

'Yan Arewa ne zalla a gidan, mahauta da 'yan shanu, kuma ɗakinmu kaɗai ne na Kirista. Babana direban motar shanu ne, don haka Kaka, mahaifiyarsa, ita ta riƙe ni. Ba ta jin Turanci, Ibo kuwa sai na cefane. Dukiyarta a duniya ita ce Littafi Mai Tsarki na Hausa da ta taho da shi daga ƙauye, da shi ta koyi karatu da girmanta. A lokacin, ko ka karaɗe garin ba ka samun irinsa.

To, daminar kudu ba ta san tausayi ba. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, ɗakin ya ɗauki sanyi, har bangon littafin ya yi funfuna ya saluɓe, shafuka suka fara fita ɗai-ɗai. Ranar da na ga Kaka tana tsince su a tabarma tana share ido da bakin zane, tsoro ya kama ni, don ban taɓa ganin ta yi kuka ba.

A ƙofar gida akwai wani tsoho baduku, mai ɗinka kube da takalma da gafakar Alƙur'ani ta malamai. Kaka ta ce shi za ta kai wa. Baba ya ce, "Iya, kada ki ɗora masa nauyi, ba littafinsu ba ne." Ta ce, "Ɗinki zan kai masa, ba wa'azi ba."

Tare muka je. Bayan doguwar gaisuwa, tsohon ya goge hannuwansa a riga, ya karɓi littafin da hannu biyu. Ya ce, "Bar mini shi, Iya. Jar fatar akuya zan sa, ita ce ke jure danshi."

Da ya kawo aikin, wallahi ko yanzu ban ga irinsa ba. Fata ja sumul, ɗinki ƙanana a jere, ga zane a fuskar bangon. Kaka ta buɗe daga wajen zanen, sai ga shafin ƙarshe. Ashe tsohon nan duk rayuwarsa littattafan Larabci yake yi wa bango, masu buɗewa daga dama, sai ya ɗora fuskar a baya. Ni da bakina kamar reza, na buɗe shi zan yi magana, Kaka ta mintsine ni a cinya. Ta dube shi ta ce, "Malam, Allah ya yi wa hannun nan albarka." Tsohon ya tafi yana murmushi.

Da Baba ya dawo ya gani, ransa ya ɓaci, ya ce a mayar a gyara. Kaka ta ce takardar ta riga ta yi laushi, in aka sake farke ta ba za ta yi rai ba. Sannan ta ce, "Mutumin da ya karɓi littafina da hannu biyu, ni ba zan kunyata shi ba." Magana ta mutu a nan.

Kullum la'asar Kaka takan zauna a baranda ta yi karatu, baduku yana can gefe yana aikinsa. Muddin yana wurin, daga fuskar da ya yi take buɗewa, ta karanta shafukan ƙarshe, sai ya tashi sallah ta juya ta koma inda ta tsaya. Har ya bar duniya bai san a baya ya ɗora fuskar ba. Ta haka ta haddace ƙarshen littafin, ni ma na haddace a bakinta. Takan yi dariya ta ce ai ƙarshen ya fi daɗi, can ne ake share wa mutane hawaye. Shafukan nan na karanta ranar da muka binne ta, ban ko dubi takardar ba.

Yanzu an rushe gidan, an yi bene, ba kuma wanda ke kai littafi wurin baduku. Na Kaka yana akwatina, takardarsa ba ta ɗaukar taɓi, amma ɗinkin bai saki ba.

A shagon Onitsha kuwa, mai warin jiman na zaɓa. Ina duba ɗinkinsa, sai yarinyar ta ce da ni cikin ladabi, da Turancin buroka, wai na riƙe shi a juye. Na duba, ashe daga baya na buɗe. Na ce mata, "Na sani, 'yata. Mu daga nan muke farawa."