Feda Mai Daidai da Ƙafar Kwalekwale

A layin masu walda kowa Kwalekwale yake kiransa, saboda girman takalminsa. Abokan aikinsa sukan ce in aka yi ambaliya, ƙafa ɗaya za ta ƙetarar da unguwar. Shi kuwa dariya kawai yake yi, ya sauke gilashin walda ya ci gaba da haɗa ƙofofi. Ranakun aiki ke nan. Ƙarshen mako kuwa jita yake kaɗawa a wata ƙungiyar abokai, shi da mai ganga da wata mawaƙiya, kuma bai taɓa shakkar hannunsa ba.

Tun yana saurayi yake da amfilifaya guda, wani baƙin akwatin ƙara sautin jita mai nauyin buhun siminti. A bene yake zaune, hawa na uku, don haka kowane wasa sai ya sauko da akwatin ya kuma mayar. Wata Asabar yana tsakiyar matakala bayansa ya riƙe, sai da maƙwabta suka kama shi. Likita bai ja magana ba, ya ce ɗaukar kaya mai nauyi ya ƙare.

"To sai ka ajiye jitar," in ji matarsa, tana shafa masa magani.

"Jitar ce ta kayar da ni? Akwatin ne zai yi ritaya, ba ni ba."

Mai ganga ne ya ba shi labarin feda, wata na'ura da ake ajiyewa a ƙasa ana takawa. Tana kwaikwayon muryar amfilifaya iri-iri, tana ƙara wa jita amo da kauri, kuma ana rataya ta a jaka. Da ciwon bayan ya lafa, Kwalekwale ya saɓa jitarsa, suka nufi shagon kayan kiɗa shi da mai ganga. Da gangan ya sa takalminsa na aiki.

Mai shago ya fara fito da wadda ya fi alfahari da ita, mai allo irin na waya, sai shafawa. Kwalekwale ya shafa, allon bai motsa ba. Ya sake shafawa, shiru. Kantar aikin walda ta cinye masa yatsu, allon bai ma san an taɓa shi ba.

"Yallaɓai, a hankali ake yi," in ji mai shago.

"Malam, a kan dandamali babu a hankali. Kawo wata."

Ta biyu ƙarama ce, sautinta kuma ya yi masa daɗi. Amma maɓallanta a cushe suke. Ya taka ɗaya, biyu suka kama, jitar ta yi wani kuka kamar an take wutsiyar kyanwa. Mai ganga ya riƙe ciki don dariya.

"Ba laifinta ba ne, abokina, ba a yi ta don jirgin ruwa ba."

Mai shago ya ce ai wannan tana da sautuka ɗaruruwa. Kwalekwale ya ce shi uku yake so: mai tsabta don rakiyar mawaƙiya, mai ɗan gurnani, da mai ihu in an ba shi fili. Sai aka ciro wata daga ƙasan kanta, jikin ƙarfe, maɓallai a warwatse, da abubuwan murɗawa manya. Ya juya ta, ya duba haɗin gefenta da idon mai sana'a, ya ƙwanƙwasa. Sannan ya juya baya, ya ce mai ganga ya riƙa sauya masa tsakanin ta biyu da wannan, kada ya faɗa masa wacce ce. Ya daɗe yana kaɗawa, kai a sunkuye. Da ya tsaya ya ce ƙaramar ta ɗan fi zaƙi, wannan gaskiya ne, amma wadda zai iya takawa ba tare da ya kalli ƙasa ba ita zai ɗauka.

A wasan farko mawaƙiyar ta riƙa waiwaye tana neman akwatin. Bayan an tashi ta ce, "Yaya, ban ji bambanci ba." Ya ce akwai. Da can iskar sautin takan kaɗa masa ƙafar wando, yanzu babu, kuma yana kewar hakan. Amma bai yi nadama ba, bai kuma ɓoye wa kowa ba.

A gida ya koma gwaji da abin sawa a kunne, ba wanda yake jin komai. Wata safiya tsohuwar da ke hawa na ƙasa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ɗana, lafiya? Ko ciwon ne ya hana ka kiɗan?"

Ya yi mata bayani, yana jiran ta ce madalla, an huta.

"Wa ya ce maka mun gaji? Ni da kiɗan nan nake shara."

Ranar Asabar ya haɗa fedar da wata ƙaramar lasifika, ya bar ƙofar falo a buɗe, ya taka maɓallin sauti mai tsabtan.