Ranar da Muka Ɓoye Yaranmu a Ruga

Na tsufa har nakan nemi hulata alhali tana kaina, amma ranar da baƙon gwamnati ya zo ƙauyenmu, can tsakanin Kusada da Kaikai, ba za ta fita daga raina ba sai an rufe ni.

Shekarun kuɗin man fetur ne, gwamnati na ta gina azuzuwa kamar ana gasa. Ni tela ne a lokacin, bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba. Ina da ɗiya kurma mai kaifin ido. In yayyenta sun dawo daga makaranta, sai ta tsuguna gefensu tana kwaikwayon rubutunsu da tsinke a ƙasa. Malamin firamare ya ce bai san yadda zai koya mata ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Sai ga saƙo daga Kankiya cewa za a gina makarantar kurame da makafi guda ɗaya a yankinmu, kuma wani jami'i zai zagaya ƙauyuka ya ga inda ya dace. Na yi wa ɗiyata bayani da hannu. Ranar ko tuwo ta kasa ci don murna.

Mai gari ya tara mu a ƙofar gidansa. "Kun san yadda muka sami rijiya," in ji shi. "Shara muka yi, muka shafe katangu da farar ƙasa, aka ga mu mutanen kirki ne. Gwamnati kamar surukai take, ba a nuna mata ɓarakar gida. A fara ba mu ginin, yara sa fito daga baya." Kowa ya ce wannan hikima ce. Aka yanke cewa ranar zuwan baƙo duk yaron da ba ya ji ko ba ya gani a kai shi rugar Fulani da ke bayan gari, ya wuni can.

Da na gaya wa matata, kallona ta yi ta ce, "Malam, kai fa tela ne. An taɓa kawo maka ɗinki a ɓoye maka mai rigar?"

"Ke, maganar manya ce," na ce.

"To, Allah ya ba manya sa'a."

Ranar ta zo, gari ya yi fes. An ɗaure awaki, an yanka rago, an jera yara masu lafiya cikin rigunan da na ɗinka. Har wani tsoho mai ido ɗaya aka ce ya riƙa tsayawa a kaikaice. Baƙon ya sauko daga motarsa, ya ci nama, ya yaba, ya wanke hannu, sannan ya ce, "To, ina yaran?"

Mai gari ya gyara rawani. "Ranka ya daɗe, ga su nan a gabanka. Duk garin nan babu kurma babu makaho, alhamdu lillahi."

"Madalla," in ji baƙon. "Kun rage mini aiki. Kuɗin da aka ware na gini ɗaya ne, ƙauyuka kuwa da yawa. Inda yaran suka fi yawa, kuma ba su da wurin zuwa, can za a fara."

Na buɗe baki zan yi magana, ƙanin mai gari ya taka mini ƙafa, don ba a ƙaryata mai gari a gaban baƙo. Mai garin ne da kansa ya yi gyaran murya ya ce, "Wato, ranka ya daɗe, in an bincika sosai ba a rasa 'yan kurame-kurame."

Baƙon ya yi dariya. "Haba mai gari, yanzu ka ce babu ko ɗaya. Ko muna cin naman nan ne suka kurumce?" Ya ɗauka so muke mu yi masa wayo. Ya yi godiya, ya shiga mota.

Da la'asar yaran suka dawo, ciki ya cika da fura da nono, sun yi wunin da ba su taɓa yin irinsa ba. Ɗiyata ta rugo ta kama rigata, ta nuna filin da muka share don makaranta, ta nuna kanta, ta ɗaga gira. Matata na bakin murhu ta ce, "Malam, sai ka ba ta amsa. Ai kai ka je taron manya." Na juya tafin hannuna na nuna mata babu. Ba ta yi kuka ba, duba ni kawai ta yi, irin duban da har yau in na tuna sai dariyar labarin ta tsaya mini a wuya.

Mun bi sawu har Kankiya daga baya, aka ce an riga an tsai da magana. Wani gari mai nisa ya samu, inda aka ce ko ƙofar gida ba su share ba, sun dai fito da yaransu. Ɗiyata ta girma ta yi jikoki, ba ta taɓa zama a aji ba.

Abin da na koya shi ne, mai raba kuɗin gwamnati buƙata yake nema ya gani, ba kwalliya ba. Yaron da ba ya ji ko ba ya gani ba abin ɓoyewa ba ne. Ranar nan muna da hujjar da ta fi ta kowa, muka tura ta ruga shan nono.