Itacen Jego

Cikina na wata bakwai maigidana ya sayo itacen wankan jego. Ba kaɗan ba, wallahi, mota guda, faskaren gawo daga wajen Gwiwa. Mahaifiyarsa ta aiko masa cewa ya cika gaggawa, mutane sai watan haihuwa ya kama suke sayen itace. Dariya kawai ya yi. Ni ma ban ga laifinsa ba. Shekara da shekaru yana jigilar kai ni asibiti daga Kazaure zuwa Kano, a yi hoto, a wanke mahaifa, a tsira min allura, ga saiwoyin da na sha har harshena ya daina gane ɗaci. Da hannunsa ya jera itacen a jikin katanga, ya ɗora tsohon kwano a kai saboda ruwan sama.

Ba a jima ba yaron ya daina motsi. Namiji ne. Ban gan shi ba, wata ta ce gara kada in gani, kuma har gobe ina jin haushinta.

Inna, mahaifiyata, ta taho daga Roni. Ta ce jiki bai san ɗa ya koma ba, wanka dole ne. Ta ɗora tukunya a murhu, ta miƙa hannu za ta zari itace.

Na ce, "Inna, kada ki taɓa!"

"Ke, lafiyarki? Ba don wankan aka saya ba?"

"Ba wannan wankan ba. Na mai rai ne."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta janye hannunta. Kullum sai ta sayi na tsinta a bakin titi ta dafa ruwan. Haka na yi jegon, tana fyaɗa min ruwan zafi da ganyen darbejiya, nono yana zuba ba mai sha, ni kuma idona na kan tulin itacen nan.

Daga nan itacen ya zauna. Ciki ya sake shiga, ya zube. Ya kuma shiga, ko labarin ban kai ga ba Inna ba ya bi ɗan'uwansa. Gas ɗinmu ya sha ƙarewa ina tsakiyar girki, in aika a sayo gawayi, ga itace jibge a gabana. Wata maƙwabciya da za ta aurar da 'ya ta shigo ta ce in ba su na dahuwar biki, tunda ba amfaninsa nake yi ba. Na ce, "Da kika shigo, kin ga an rubuta sadaka a jikinsa?" Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban damu ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ƙarar. Ina koyarwa a firamare, idan na dawo da azahar gidan shiru, sai in ji ƙas-ƙas-ƙas a cikin tulin. Na san gara ce, ba mahaukaciya ba ce ni. Amma zuciya ba ta jin magana. Sai in ji kamar jariri ne yake sosa tabarma da farce. In tsaya da jaka a kafaɗa, tsikar jikina na tashi, tsoro nake ji kuma ba na so ya daina. Muddin itacen nan yana nan, gani nake akwai mai zuwa.

Zuwanmu Kano na ƙarshe likita ta yi ta kwana-kwana, sannan ta ce shekaru sun ja, allurar ba za ta ƙara komai ba. Muka kamo hanyar gida ni da maigidana. Da muka shiga ya sunkuyar da kai ya wuce tulin. Bai taɓa cewa a ɗauke ba, ni ma ban ce ba.

Bayan rasuwar Inna, autarmu da ke aure a Babura ta samu cikin fari. Ba uwa, don haka wajena ta zo wankan gida. Ta haifi mace a tsakiyar damina, itacen gari duk a jiƙe. Da safe tsohuwar da ke mata wanka ta yi ta fifita murhu, hayaƙi kawai, Auta tana tsaye da zani tana rawar sanyi. Auta ta kalli jikin katanga, ta ce, "Yaya..."

Na ce a raina, ai ga mai rai. Na je na sauke kwanon, na yi bisimilla, na sa hannu biyu na ɗaga na sama da ƙarfi don na san nauyin gawo. Sai ya taso kamar kara. Na ɗan matsa, ya burme, jar ƙasa ta zubo min a ƙafa. Na ɗauki wani, haka. Na durƙusa na shiga tono da hannu har ƙasa, ina neman ko guda ɗaya mai ƙwari. Ɓawo ne kawai a tsaye, cikin duk ƙasa. Ashe tuntuni babu komai, ni ce nake gadi.

Kukan da ban yi a asibiti ba a nan na yi shi, a zaune dirshan, Auta ta riƙe ni tana nata. Maigidana ya fito da shebur. Na ce, "Bar shi, Malam, ni zan kwashe." Wancan, ɗan nawa, ba a ba ni na ɗauka ba. Wannan da hannuna na zuba a daro, na kai bayan gida na binne.

Da gawayi aka dafa ruwan Auta. 'Yarta yanzu har gudu take yi, idan sun zo ta bi ta wurin da itacen ya zauna a guje, fili ne fetal. Ni kuwa har yau kewaye shi nake yi idan zan wuce. Da azahar kuma, in na dawo daga makaranta, nakan tsaya da jaka a kafaɗa in kasa kunne. Ba na jin komai.