Alwalar Baba a Lusail

Shekarar da Baba ya biyo ta Doha daga Umara, ni da kaina na matsa mu je Lusail ya ga ruwan nan mai rawa da kowa ke ɗauka a waya. Direba nake a Doha a lokacin. Kafil ɗina, mutumin da takardun zamana ke hannunsa, ya sha gaya mini cewa duk ranar da sunana ya je wurin 'yan sanda, khalas, sai gida.

Mun isa gab da magariba. Jama'a maƙil, kowa ya ɗaga waya yana jiran ruwan ya tashi. Ni ma na ɗaga tawa. Ko da na waiwaya, babu Baba.

Tsoho ba Larabci, ba Turanci, ba waya. Ina kutsawa ina kiransa, sai na ga mutane sun juya wayoyinsu gefe guda suna dariya. Ashe ya tsallake igiyar da aka gitta a bakin ruwan, ya ajiye hula da takalmi a kan dakali, ya naɗe hannun riga, yana alwalarsa hankali kwance kamar a bakin rafin garinmu.

Masu gadi biyu suka riga ni isa. Ɗaya na magana a rediyon kafaɗarsa, ɗayan ya miƙo hannu yana neman katin zamana. Tsoro ya gama kama ni. Ɗan Larabcin da na tsinta a mota duk na zazzage shi, na ce baƙo ne, tsoho ne, bai sani ba, don Allah kar a kira kafil. Ban san sanda na durƙusa ba. Baba kuwa sai da ya wanke ƙafar hagu sannan ya miƙe, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Mai gadin ya ɗauki hoton katin, ya ce yalla, mu tafi. Bai ce magana ta mutu ba. A bayanmu kiɗa ya tashi, ruwa ya yi sama, ko waiwaye ban yi ba.

A mota na yi ta mita, wai nan ba gida ba ne, komai da dokarsa. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce:

"Ban ji abin da ka gaya musu ba, amma na ga gwiwarka a ƙasa. Ashe haka kake zaune a garin nan, kana turo mana hotuna kana murmushi?"

Danja ta ba mu hannu, na bayanmu suna ta hon, na kasa taka motar.