Go Mai Wutsiya

Mijina malamin Turanci ne, amma kafin ciwonsa ban taɓa jin ya yi Turanci a cikin gida ba. A makaranta yake barinsa tare da alli. Idan ya shigo, Hausarsa irin ta kowa ce, ko akuya ba ya kora da wani yare.

A shekarar da fari ya haɗu da korar ma'aikata aka sallame shi daga sakandaren da yake koyarwa. Muka tattara komatsanmu muka koma gidan gado, a wani ƙauye arewa da Gezawa, inda gona ke manne da gona. Yayansa ne babba a gidan, ga iyali da yawa. Tun kafin bazara rumbunan gidan suka koma amsa kuwwa idan an ƙwanƙwasa. Tukunya ɗaya ake ɗorawa a wuni, tuwon da dusa ta fi gari yawa a cikinsa, a raba a kwanuka. Ni kuma ina da ciki.

Wata rana da tsakar rana mijina ya faɗi, yana sharar gona kusa da wata tsamiya. Aka kawo shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ya daɗe kwance ba magana. Ranar da bakin ya buɗe ina zaune ina yi masa fifita, sai na ji wata murya a ɗakin. Sai da na waiwaya in ga wanda ya shigo ba sallama. Babu kowa. Murya ce mai kauri, a miƙe, ta mutumin da ya saba idan ya yi magana a yi tsit, kuma daga karkataccen bakin nan take fitowa. Hausa ta tafi gaba ɗaya, ko ruwa ba ya iya nema da ita. Turanci ne ya rage, shi ma guntu-guntu.

Kafin la'asar labari ya gama ƙauye cewa aljanin tsamiya ne ya shige shi, kuma aljanin Bature ne. Matan gidan suka daina bi ta ƙofarmu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ni kaina ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Idanun nasa ne, na san su. Muryar ce ban sani ba.

Turancina na 'yar aji uku ne: come, go, sit down. Kuma kusan duk abin da muryar ke faɗa da "go" a ciki. Wata rana na ɓoye masa ɗan dafaffen wake a ƙwarya, na ajiye a gefensa don ya ci anjima. Ya zuba wa ƙwaryar ido, ya dube ni, ya ce wani abu da ya ƙare da "go of". Na ɗauka ni yake kora, na fita tsakar gida na sha kukana. Da na dawo da yamma waken ya yi yami, har ya fara kumfa. Na tsaya da ƙwaryar a hannu, ina kallon waken.

Lokacin rabon tuwo abin ya fi tsanani. Daga inda yake kwance yana hango kwanukan a jere. Sai muryar ta ce "go raun", a hankali, kamar mai lissafi. Idan na kawo masa nasa, ya ture kwanon da hannun hagu zuwa gabana, ya ce "go widawut". Kullum haka. Yana ramewa, ni kuma ina cinye abin da ya ture, don cikin da ke jikina ba ya jin kunya.

Ranar da Yaya ya shigo duba shi, a kan idonsa aka ture kwanon. Shi ma ya san "go", a layin sayen sabulu da sukari ya koye ta a bakin sojoji. Ya kira ni waje.

"Kin ji abin da yake ce miki. Tafi yake cewa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

"Yaya, mutumin da ba shi da lafiya."

"Ba shi da lafiya, amma ai ke kaɗai yake cewa. Ni bai ce mini ba. Kada mu zauna a kan haram ba mu sani ba."

Ba zan ce Yaya mugu ba ne. Mutum ne da yake ƙirga bakuna da ido kullum, kuma nawa bakin ya kusa zama biyu. Amma na ji haushinsa a ranar, har yanzu ma da saura.

Aka kai maganar gaban liman. Ya saurara, ya ce idan miji ya ce wa matarsa tafi, to sai an san abin da ya nufa, kuma wannan ma sai an san abin da ya faɗa tukuna. Ya ce a nemo mai jin yaren kafin Juma'a. In ba a samu ba, in koma gidanmu har Allah Ya bayyana gaskiya. Na san idan na fita, babu mai juya shi a kan tabarma, babu mai shiga ɗakin da ake tsoro.

Mai jin Turanci a ƙauyen shi ne yake kwance. Don haka na zauna na haddace kalmomin kamar yadda muke haddace allo, ina maimaitawa a zuci ina daka, ina maimaitawa ina wanki. Ranar kasuwar Gezawa na ce zan je awo, na bi ayarin mata. A hanya ina motsa baki, wata ta matsa daga kusa da ni, tana zaton abin ya fara taɓa ni.

A asibitin sha-ka-tafi na sami wani dattijon malamin asibiti. Da ya gama duba ni na ce ina da tambaya, ba ta magani ba. Na zazzage masa abin da na ɗauko. Ya sa na maimaita, ya tambayi abin da ke gaban Malam, mijina, a duk lokacin da ya faɗi kowacce. Sannan ya ajiye abin rubutunsa.

"Baiwar Allah, 'go' ita kaɗai ce tafi. Idan aka ɗaura mata wutsiya, ta tashi daga tafiya. Mu ma ai haka muke yi da ci. Wanda ya ci gaba, me ya ci? Wanda ya ci amana, ya ƙoshi?"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. "Go off", idan abinci ake kallo, lalacewa ce, wato waken zai lalace, in cinye. "Go round" ita ce abu ya ishi kowa, kuma da alama cewa yake ba zai isa ba. Sannan ya zo kan ta ƙarshe.

"'Go without' haƙura ce. Mutum ya zauna babu. Cewa yake shi ya haƙura, ke ki ci."

Ashe duk kwanakin da nake kuka an kore ni, ciyar da ni ake yi. Kafin in tafi na tambaye shi yadda ake ce wa mutum ya daure ya ci gaba. Ya ce "go on". Na sa ta a baki na taho da ita.

Liman na fara biya wa. Na mayar masa da bayanin yadda na ji shi, har da na cin amana. Ya yi murmushi, ya aika wa Yaya cewa aure yana nan daram. Ranar Yaya da kansa ya ce a ƙara mana miya.

Na shiga ɗaki da kwanon. Rana ta yi sanyi, gidan shiru, sai kukan kurciya daga wajen tsamiya. Na ajiye a gaban Malam. Hannun hagu ya taso ya ture, muryar ta faɗi abin da ta saba faɗa. Na mayar da kwanon gabansa, na gutsuro loma, na kai bakinsa.

Na ce, "Go on, Malam."

Ya daɗe yana kallona. Ɓarin bakinsa mai rai ya ɗan motsa, irin motsin da yake yi da can idan na ba shi dariya. Ya buɗe baki ya karɓa. Ya ci loma kaɗan, ya rufe ido.

Daga ranar muryar ba ta sake fitowa ba. Matan gida suka ce aljanin ya tafi, suka dawo bi ta ƙofarmu, har suna yi mini barka. Ni kuwa sai na riƙa kasa kunne. Nakan zauna da tsakar rana ina fifita, ina jiran muryar da na yi ta tsoro ta ce ko da "go" ɗin ce. Hausar ba ta dawo ba, Turancin ma ya bi ta.

Bai ga kakar bana ba, kamar yadda muke cewa a lokacin. Ya rasu gero yana fitar da kai, ni kuma haihuwa ta matso. A ɗakinsa na yi takaba, a matsayin matarsa, kuma kullum aka kawo tuwo ina cinye nawa duka.