Akuyar da ta kai mu asibiti

Ɗiyata ta kusa shekara uku ba ta taka ba. Sa'o'inta a Karofane suna guje-guje, ita tana jan gindi, ƙafafun sun lanƙwashe kamar baka, wuyan hannun ya kumbura. Ubanta ya tafi Abijan biɗar kuɗi tun bayan fari na biyu, ni kuwa goyo ya cinye mini baya. Na gaji, ba zan ɓoye ba. Na gaji da rubutu da turare, na gaji da masu leƙowa su ce sannu alhali ƙafafun suka zo kallo.

Ma'aikacin likita na Bouza ya ba ta wani ruwan magani, ya ce bitamin ce wadda jiki ke samu daga rana, in riƙa fitar da ita waje. Ban san lokacin da dariya ta kubce mini ba. Rana a Adar? Ita kaɗai ce ba mu taɓa roƙo ba. Na shanya yarinyar har ta yi baƙi ƙirin, ƙafafun suna nan yadda suke.

Sai aka ce asibitin mishan da ke wajen Madaoua ya samu sabon irin maganin, wanda Turawa suka haɗa da hannunsu, ya fi na da ƙarfi. Ba ni da na mota. Akuya ɗaya fari ya bar mana, mai shayarwa, da nononta nake dama wa yarinyar fura. Ranar kasuwa na ja ta na sayar, ita da ɗanta.

A asibitin, bayan likita ya duba ta, wata malamar jinya, Kirista 'yar ƙasarmu, ta kawo 'yar kwalba ta nuna mini yadda ake ɗigawa a harshe. Sannan ta tambaye ni:

"Uwar ɗiya, mi taka ci?"

"Hura da tuwo, Malama."

"Hurar da nono?"

"Da nono, sai dai kaɗan ne."

"To nan matsalar take. Maganin ga magini na, shi ka ɗaukar abin da ke cikin nono shi gina ƙashi da shi. In babu nono, ba shi da abin gini. Ki ƙara mata, sahe da marece. Kuna da akuya?"

Na gyara wa yarinyar zama bisa cinyata. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ba ta sake tambaya ba.

Na ɗaure kwalbar a bakin zane, muka kamo hanya. Da muka iso gida na sauke ta a tsakar gida don in miƙe baya. Ta ja gindi, ta ja, har ta kai turke, ta ɗauki guntun igiyar da na bari, tana kiran akuya.